Ƙuri'ar Inna Mai Bula

Ranar Litinin da safe, kwana biyu bayan zaɓe, wani mutum ya faɗo ofishin 'yan sanda da takarda a hannu, ko sallamar kirki bai yi ba.

"Yallaɓai, matacciya ta yi zaɓe!"

Sufeto bai ɗago daga kofin shayinsa ba. Shekararsa ashirin da ɗaya a aiki, kuma duk bayan zaɓe sai wani ya zo masa da irin wannan magana. Wanda aka kayar ba ya rasa gawar da zai ɗora wa laifi.

"Kai wane ne?"

"Wakilin jam'iyyar da aka kayar ne ni, a rumfar makarantar firamare. Da ƙuri'a bakwai Kansila ya koma kujerarsa. Bakwai kacal! Ga kwafin kundin masu zaɓe, dubi layi na arba'in da uku."

Sufeto ya duba. Hoton wata dattijuwa ne mai siririyar fuska, ta ɗan karkatar da kai kamar tana sauraron wani abu. A gefen hoton an yi alamar cewa ta zo ta jefa ƙuri'a.

"Inna Mai Bula ke nan, mai wanki," in ji wakilin. "Maƙwabciyata ce. Watanta takwas da rasuwa, da kafaɗar nan tawa na ɗauke ta zuwa maƙabarta."

"To, wani ya ɗauki katinta ke nan."

"Da yatsanta? Yallaɓai, na'ura ta tantance ta."

A nan ne Sufeto ya ajiye kofin. Tun da aka yi sabuwar doka, ba wanda ke jefa ƙuri'a sai ya miƙa katinsa an saka a na'ura, hotonsa ya fito, ya ɗora yatsa, fitila ta yi kore. In ta yi ja, ko kai ka haifi shugaban hukumar zaɓe, gida za ka koma. Da wannan doka aka cika wa mutane kunne a rediyo, wai daga yanzu matattu sun huta.

"Wa ya shugabanci rumfar?"

Wakilin ya sassauta murya. "Abin da ya sa na zo ke nan. 'Yarta ce. Malamar aji huɗu."

Saje, wanda ke tsaye a bakin ƙofa, ya matsa baya kaɗan daga takardar. Ƙato ne, ɓarayi na tsoronsa, amma shi kuma fatalwa yake tsoro.

Kafin azahar an kawo Malama. Shugaban ofishin 'yan sanda bai tsaya dogon nazari ba: uwa ta mutu, kati na gida, 'ya ce ke riƙe da na'ura, me ya rage? Ya ce ranar Alhamis a kai ta kotu. Hukuncin irin wannan laifi shekara biyar ne a gidan yari, aikin koyarwa kuwa ya tafi har abada.

Sufeto ya same ta a ɗakin tambayoyi, hannuwanta a kan cinya, har yanzu da ɓurɓushin alli a bakin hannun rigarta.

"Kin san abin da ya sa kike nan?"

"An faɗa mini."

"Ina katin mahaifiyarki?"

"Ban sani ba."

"Kin tashi daga teburinki ranar zaɓe?"

"A'a."

"Ko sau ɗaya? Ko ruwa ba ki je sha ba?"

"Doka ta hana shugabar rumfa barin teburi. Ban tashi ba."

Ya tura mata kundin, ya ɗora yatsa a layi na arba'in da uku. "Kin ga wannan kafin ki sa hannu a takardar sakamako?"

Ba ta kalli hoton ba. Ta kalli bango, ta kalli ƙofa, ta kalli ƙasa, amma hoton ta ƙi.

"Ban gani ba."

Da suka fito Saje ya ce, "Yallaɓai, ƙarya take yi."

"Na sani. Amma ƙarya iri biyu ce, akwai ta mai laifi, akwai ta mai tsoro. Ka ga yadda ta ƙi kallon hoton?"

"Ni ma ai ban kalla ba."

"Kai ai ko inuwarka ba ka son kallo. Ɗauko mota."

Gidan ɗaki biyu ne a ƙarshen wani lungu. Igiyoyin shanya huɗu sun ratsa tsakar gidan, babu ko ƙyalle ɗaya a kansu. Gindin bango duk ya yi shuɗi, inda aka shekara talatin ana watsa ruwan bula.

Mijin marigayiya tsohon direba ne, idonsa ɗaya ya fara fari. Ya shimfiɗa musu tabarma, shi kuwa ya zauna a kan wata kujera 'yar tsuguno kusa da babban kwanon wanki da aka kife.

"Ɗana, yarinyar nan ba ta taɓa ɗaukar ko allura ba."

"Baba, ina katin zaɓen matarka?"

Tsohon ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Kati! Katin da ya sa ta kuka a gaban jama'a?"

"Ba ni labari."

"Zaɓen da ya wuce, shekara huɗu ke nan. Tun asuba ta yi wanka, ta sa zanenta mai kyau, ta shiga layi. Ba ta taɓa zaɓe ba a rayuwarta, amma a shekarar ta ce sai ta yi. Kansila ya rufe musu wurin wankinsu na bakin famfo, ya gina shaguna. Ta ce ita ba ta da baki, ba ta da kowa, amma tana da ƙuri'a ɗaya."

"Sai aka yi yaya?"

"Ta ɗora yatsa, ja. Ta goge a zane ta sake, ja. Ta tofa yawu ta murza, ja. Yatsu goma, duka ja. Yaran da ke layi suna dariya, suna cewa Inna na'ura ba ta san ki ba. Ta dawo gida ta zauna a nan inda nake zaune, tana kallon hannuwanta. Ta ce mini, ashe har gwamnati ta san na ƙare."

Iska ta kaɗa igiyoyin nan, suka ɗan motsa.

"Sabulu ne ya cinye mata zanen yatsu," in ji tsohon. "Hannunta sumul, kamar bayan cokali. Tana da rai na'ura ta ƙi ta. Yau ana ce mini ta mutu na'ura ta karɓe ta. Wallahi ɗana, tun jiya ban iya shiga ɗakin can ba."

"Bayan nan me ta yi da katin?"

"An ce ta mayar ofishin zaɓe a gyara. Ta mayar. Ta yi ta sintiri, kullum a ce ta dawo wata mai zuwa, har ciwo ya kwantar da ita."

"Ba su ba ta wata takarda ba?"

Tsohon ya nuna ɗakin da haɓa. "Duk abin da take ji da shi, ƙarƙashin dutsen guga take ajiyewa."

Saje ya ce shi zai tsaya ya kula da mota. Sufeto ya shiga shi kaɗai. Ɗakin na ƙamshin sabulu har yanzu. A kan teburi ga dutsen guga na gawayi, a ƙarƙashinsa wata 'yar takarda ruwan hoda, a ninke gida huɗu. Hatimin hukumar zaɓe na jiki, da rubutu: an karɓi kati don gyara, ba za a mayar ba sai an nuna wannan takarda.

Ya sa ta a aljihu. Kati dai ba a gidan nan ya kwana ba.

Washegari da hantsi suka isa ofishin zaɓe. Shugabar ofishin, wata mace mai tabarau wadda ta gaji da ganin 'yan siyasa, ta ce duk abin da ya shafi kati da na'ura a hannun Injiniya yake.

Injiniya mutum ne mai sanyin murya, ɗan shekara arba'in da wani abu, rigarsa a goge tsaf. Ya miƙe ya ba Sufeto kujerarsa.

"Allah ya ji ƙan Inna. Na san ta, ni na yi mata rajista."

"Ta kawo katinta gyara?"

"Ta kawo. Amma daga baya 'yarta ta zo ta karɓa mata."

"Yaushe?"

"An kwana biyu. Ba zan iya tuna ranar ba."

"Kuna ba da kati ba tare da takardar karɓa ba?"

"Haba, ina! Sai an kawo takardar, mu yaga ta a gaban mutum."

Sufeto ya gyaɗa kai. Takardar na aljihunsa, lafiyarta ƙalau.

"Ranar zaɓe ina kake?"

"Yawo, yallaɓai. Duk rumfar da na'urarta ta ƙi aiki, ni ake kira."

"Har da ta makarantar firamare?"

"Na leƙa. Batir ne ya mutu musu wajen ƙarfe ɗaya. Na canja, na wuce. Ko minti biyu ban yi ba."

Yana magana yana murza wani yatsa na hannun hagu da babban yatsansa. A gindin yatsan akwai farin zagaye, irin wanda zobe kan bari in ya daɗe.

Kafin su tafi Sufeto ya roƙi shugabar ofis ta buga masa jerin duk wanda na'urar rumfar ta tantance, da lokacin kowa. A mota ya bi jerin da biro. Tun safe mutum ɗaya kan ɗauki minti uku ko huɗu. Amma daga ɗaya da minti biyar zuwa ɗaya da kwata, mutum goma sha ɗaya suka wuce, bi da bi. Inna Mai Bula ce ta shida.

Ya kira wakilin jam'iyya a waya. "Ƙarfe ɗaya na ranar zaɓe ina kake?"

"A gindin bishiya, da kowa da kowa. An ce na'ura ta mutu, aka fitar da mu daga ajin saboda zafi, kusan rabin awa."

Sufeto ya kashe wayar. Saje ya juyo ya dube shi.

"Na'ura a mace, matattu na zaɓe. Yallaɓai, ni dai wannan aiki..."

"Tuƙa mota. Jerin ya nuna sana'ar kowa, kuma cikin sha ɗayan nan bakwai masu wanki ne."

Tun da aka kore su daga bakin famfo, masu wanki suka koma bayan tashar mota, gefen wata kwata, suna sayen ruwa a wurin masu turo shi a kura. Mata kusan goma ne a duƙe, kumfa har gwiwar hannu. Babbarsu, wadda suke kira Uwar Ɗaki, ta share hannu ta zo.

"In kayanka ka kawo, kaki sai jibi."

"Tambaya na kawo, Inna."

Ya karanto mata mutum bakwai ɗin. Tana ji tana ƙirgawa da yatsu.

"Wannan ta rasu. Wannan ta koma wurin ɗanta. Mai Bula, Allah ya ji ƙanta. Wannan tana kwance, shanyewar ɓarin jiki. Wannan ta rasu. Wannan ga ta can tana matse zani. Ta ƙarshen kuwa ni ce."

"Kin yi zaɓe ranar Asabar?"

"Da wane katin? Katina na ofis shekara huɗu, ana gyara. Dukkanmu nan na'ura ta ƙi mu wancan karon. Dubi." Ta miƙo masa tafin hannu. Yatsun farare ne, sumul, babu ko layi ɗaya.

"Jerin nan ya ce kin yi zaɓe ƙarfe ɗaya da minti goma sha huɗu."

Uwar Ɗaki ta dafe ƙirji. "Ni? Ina nan ina dirzar wandon wani direba? La'ilaha illallahu! To wa ya je da fuskata?"

Sauran matan suka daina wanki.

"Inna, abin da ban gane ba shi ne wannan. In na'ura ba ta karanta yatsunku, yaya aka yi muku rajista tun farko?"

Fuskarta ta saki. "Ai wannan aikin Ɗan Albarka ne."

"Wane ne haka?"

"Yaron ofishin, da kuke ce wa Injiniya. Mu Ɗan Albarka muke ce masa. Kwana uku muna zuwa layi, sauran ma'aikatan na korar mu, wai yatsunmu ba sa kamawa. Shi ne ya ce mu dawo da la'asar in mutane sun ragu. Ya zaunar da ni, ya ɗauki hotona. Na ɗora yatsa, abin ya ƙi. Na fara hawaye, don na bar wankin mutane kwana uku. Sai ya ce, Inna kar ki damu, bari in ɗumama miki gilashin."

"Ya ɗumama?"

"Haka ya yi." Ta ɗora yatsanta a bayan kwano ta danna. "Ya ɗan riƙe, sai abin ya yi ƙara, ya ce shi ke nan, an gama. Dukkanmu haka ya yi mana. Allah ya yi masa albarka."

Sufeto ya dubi yatsanta a bayan kwanon.

"Ranar da aka yi wa Mai Bula kina wurin?"

"Ina bayanta a layi."

"Da wane yatsa ya ɗumama mata?"

"Oho, ɗan nan, shekara biyar!" Ta ɗan yi tunani. "Tsaya. Mai zoben azurfa. Na tuna, don Mai Bula ta tsokane shi, ta ce in zoben ya yi dauɗa ya kawo ta wanke masa kyauta."

Da yamma Sufeto ya koma wurin Malama. Wannan karon bai kawo kundi ba, ruwa ya kawo mata.

"Ƙarfe ɗaya na'ura ta tsaya. Ina kika je?"

Ta ture ruwan gefe.

"Malama, jibi kotu. Ni ba zan iya fitar da ke daga ramin da kike riƙe da murfinsa ba."

Hawaye suka zubo mata. "Injiniya ya ce batirin na motarsa, a bakin titi, shi kuma ba zai iya sakin na'urar ba don kar bayanai su goge. Mataimakina ya fita kwantar da layi. Sai ya ba ni makulli. Na duba ko'ina a motar ban ga batir ba, da na dawo ya ce ashe yana jakarsa."

"Takardun ƙuri'a fa?"

"Suna kan teburi. Da tawada, da akwati." Ta rufe fuska. "Na san na karya doka. Shi ya sa na ce ban tashi ba."

"Hoton fa? Kin ce ba ki gani ba."

Ta sauke hannuwanta. "Da muka rufe rumfa ina duba na'urar, ina wuce fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Sai ga Inna. Tana kallona, da koriyar fitila a gefenta. Yallaɓai, ni na rufe mata ido da hannuna. Wani sashe na zuciyata ya ce a yi ihu. Wani sashen kuma..." Ta share hawaye. "Wani sashen ya ce, bar ta, ta samu ta yi. Abin da ta mutu tana so ke nan. Sai na sa hannu."

Sufeto bai rubuta wannan a takarda ba.

Ranar Laraba da ƙarfe goma ya tara su a ofishin shugabar hukumar: ita kanta, da Malama, da tsohon direba, da Injiniya. Saje ya tsaya a ƙofa. Na'urar rumfar na kan teburi, an ciro ta daga jakar da aka rufe da hatimi.

"Ranki ya daɗe, na'urar nan za ta iya kiran mutum da lambar katinsa, ko babu katin?"

"Za ta iya."

Ya karanto lambar daga 'yar takarda ruwan hoda. Injiniya ya ga takardar, ya kau da kai.

Gilashin ya yi haske. Fuskar Inna Mai Bula ta fito, kai a karkace, tana sauraro. Tsohon ya ce "Allahu akbar" a hankali, ya dafa gefen teburi.

"Ana cewa Malama ce," in ji Sufeto. "Bismillah, Malama."

Ta ɗora yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ba ta kalli gilashin ba. Sau goma fitila ta yi ja.

"Injiniya, ko za ka gwada mana? Don a tabbatar na'urar na aiki."

"Yallaɓai, ai ba ma'ana. Kowa ya ɗora ja za ta yi."

"To ai ba asara."

Ya ɗora babban yatsan dama. Ja. Ya yi ɗan murmushi, ya janye hannu.

"Saura tara," in ji Sufeto. "Amma kar mu ɓata wa Baba lokaci. Ba ni na hagu, wanda ka cire wa zobe."

Injiniya ya tsaya yana kallon hannunsa kamar ba nasa ba.

"Ɗora," in ji shugabar ofis.

Ya ɗora. Na'urar ta yi 'yar ƙara, fitila ta yi kore, a ƙarƙashin fuskar dattijuwar rubutu ya fito: an tantance.

Malama ta saki wani sauti ta toshe baki. Saje, da ya ga abin mutum ne ba fatalwa ba, ya gyara tsayuwa ya cika ƙofar.

Injiniya ya zauna a ƙasa, a nan inda yake.

"Wallahi ba da mugunta na fara ba. Suna zuwa kwana uku, huɗu, suna kuka. Daga sama ana ce mana a yi wa kowa rajista, na'ura kuma ba ta san hannun mai wanki ba, ba ta san na magini ba. Na ce bari dai su samu kati su tafi. A lokacin ba a ce sai da yatsa za a yi zaɓe ba, hoto kawai ake dubawa. Da doka ta canja, na ga suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, an kore su daga layi. Ni na kore su, yallaɓai. Ni ne."

"Me ya hana ka gyara musu?"

"In na tura katin hedkwata za a ga yatsan ba nasu ba ne. Sai na zuba su a aljihun teburina, kullum in ce wata mai zuwa."

"Wa ya san da maganar?"

"Kansila. Shi ya samo mini aikin nan. Wata rana abin ya dame ni, na je na faɗa masa, ina neman shawara." Ya yi dariya mai kama da kuka. "Shawara! Ana saura mako ɗaya zaɓe ya kira ni. Ya ce rumfar makaranta ce za ta raba gardama. Ya ce ko in yi, ko shi da kansa ya kai maganar hukuma."

"Ka dangwala takardu sha ɗaya, ka zuba a akwati, ka cike kundi, sannan ka ce yarinyar nan ce ta karɓi katin uwarta."

"Na ji tsoro." Ya ɗaga hannuwansa biyu yana kallon su. "Na san kowa da yatsansa, wani yatsan ma mutum biyu ne a kansa. Wannan Uwar Ɗaki ce. Wannan magini ne, ya rasu bara. Wannan Inna. Duk wanda ya mutu a cikinsu sai in ji yatsan ya yi mini nauyi. Tun ranar Asabar ban iya cin abinci da hannuna ba, na cire zoben ma ko zan samu sauƙi. Ina ɗora yatsa ranar nan ta fito tana kallona, kamar za ta ce in kawo zoben ta wanke."

Shugabar ofis ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce za ta rubuta a soke sakamakon rumfar, katunan da ke aljihun teburi kuma a ƙirga su a gaban 'yan sanda. Sufeto ya ce wa Saje in sun ajiye wannan, akwai sauran tafiya gidan Kansila.

Saje ya ɗaga Injiniya ya sa masa ankwa. Sun kai bakin ƙofa ke nan tsohon direba ya yi magana, karo na farko tun da fitilar ta yi kore.

"Ɗana, dakata."

Ya taka a hankali har gaban Injiniya. Bai ɗaga murya ba, bai zage shi ba. Ya dubi hannun nan na hagu da idonsa mai gani, ya daɗe yana dubawa.

"Ashe ba hannunta ne ya ƙare ba."

"Sabulu ya cinye zanen, Baba. Amma da na tura takardarta yadda doka ta ce, akwai hanyar da ake bi wa irinsu. Tana da tsawo ne kawai. Da ta yi zaɓenta."

Tsohon ya gyaɗa kai. "Ta mutu tana jin kunyar hannuwanta. In baƙo ya shigo sai ta ɓoye su a zane." Ya ja numfashi. "Tambaya ɗaya gare ni. Ranar Asabar ɗin, wa ta zaɓa?"

Injiniya ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji.

"Baba, mu tafi gida," in ji Malama, tana riƙe da hannun rigarsa.

"A'a, bari ya faɗa. Shekara da shekaru tana ajiye ƙuri'ar nan don ta kayar da mutum ɗaya."

Saje ya ja Injiniya suka fita, ana jin takunsu a baranda har ya ɓace.

Tsohon ya juyo wurin teburi. Fuskar matarsa na nan a gilashi, da koriyar fitila a gefe. Ya miƙa hannu kamar zai taɓa, sai ya fasa.

"Ɗana, kashe abin nan," ya ce wa Sufeto. "Ku cire ta daga ciki. Ta gaji da tsayuwa a layi."

Sufeto ya danna maɓallin, ya riƙe shi har gilashin ya yi baƙi.